Telan da Ke Tada Fanka da Almakashi

Akwai wani tela da mutanen layinsu suke kira Na-sani. Ba sunan yanka ba ne, halinsa ne ya raɗa masa. Ko me ka fara gaya masa, kafin ka kai tsakiyar magana zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani."

Wata rana maƙwabcinsa ya zo da gudu zai faɗa masa akuya ta shiga shagonsa. Bai bari ya ƙarasa ba ya ce, "Na sani," ya ci gaba da hirarsa. Da ya koma, ya tarar da rabin hannun rigar wani a bakin akuyar.

A ɗinki kam gwani ne, wannan ba a ja da shi. Matsalar ita ce, tunda shi yake gyara keken ɗinkinsa da kansa, sai ya ɗauka duk abin da ke juyawa a duniya ya san cikinsa.

Yana da wata tsohuwar mota mai ruwan toka. Gilasan baya ba sa sauka, ƙofar gaba ta fasinja kuma sai daga waje ake buɗe ta. In inji ya yi zafi ka kashe ta, sai ta ga dama take tashi. Duk da haka yana ji da ita. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin bonet ba: a gaban inji akwai lagireto, inda ruwan da ke sanyaya inji yake zagayawa. A bayansa akwai fanka, da wani ɗan ƙaramin injin lantarki da ke juya ta. In mota tana gudu, iskar hanya ta wadatar. In ta tsaya, fankar nan ce kaɗai ke hana inji dahuwa.

To fankar Na-sani ta fara nuna gajiya. Wani lokaci ta juya, wani lokaci ta yi shiru kamar an yi mata laifi. Sai ya gano dabara. Ya ɗauko wani tsohon almakashin yanka yadi ya ajiye ƙarƙashin kujera. Da ta tsaya, sai ya buɗe bonet ya ƙwanƙwasa bayan injin fankar da ƙotar almakashi. Ƙwas, ƙwas. Sai ta tashi.

Matarsa ce ta matsa masa. "Baban yara, don Allah ka kai motar nan a duba. Jiya a bakin kasuwa mutane sun zaci aski za ka yi mata."

Don ta ƙyale shi, ya kai ta wurin wani dattijo mai aikin wayar mota da ake kira Mai Fanka. Rumfarsa ƙarama ce, ga tsofaffin fankoki rataye a ƙusa, ga benci guda da mutane ke zama suna jira. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa.

Mai Fanka ya juya fiffiken fankar da yatsa. Ya kara kunne. Ya ɗan girgiza ta. Sannan ya miƙe ya ce, "Injin fankar nan ya gaji, maigida. Ka bar min ita rabin yini in ciro shi in buɗe. In na gyaruwa ne a gyara, in ba haka ba a sa wani."

"Na sani," in ji Na-sani. "Amma rabin yini? Matsa ka ga aiki."

Ya zaro almakashi. Ƙwas, ƙwas. Fanka ta ɗauka, fuuu. Ya juya ya dubi mutanen da ke kan benci.

"Kun gani? Ni da ban taɓa koyon gyara ba, bugu biyu. Shi kuwa rabin yini yake nema. Da wannan sanyin jikin naka, Malam, kafin ka gama ai motar ta zama ta magada."

Aka kwashe da dariya. Mai Fanka bai yi fushi ba, ya goge hannunsa da tsumma.

"Yau ta tashi," ya ce. "Akwai ranar da za ka buga ta ƙi. Kuma ba a kan gudu za ta ƙi ba, sai inda ba ka da wurin tsayawa. Karɓi lambata ka ajiye."

Na-sani ya karɓa don kada a ce ya yi wulaƙanci da yawa. A wayarsa ya rubuta sunan: Mai Tsorata Mutane.

Bayan wata biyu, aka kawo surukinsa gidan, wato mahaifin matarsa. Dattijo ne da ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan motoci, har ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Duk inda za shi, sai an riƙe masa hannu.

Dalilin zuwansa shi ne wasu likitocin ido da ke zuwa babban asibiti lokaci-lokaci suna cire yana. An riga an duba shi, an ba shi kati. Abin da ya rage kawai ya je da kansa ranar aikin a rubuta sunansa kafin ƙarfe sha biyu na rana. Da sha biyu ta buga ake rufe littafi. Wanda bai samu shiga ba, sai in sun sake dawowa, bayan wata bakwai.

Da safe matar ta ce, "Baban yara, ko mu ɗauki motar haya? Hankalina bai kwanta da fankar nan ba."

"Ina da mota a ƙofar gida, surukina ya shiga ta haya? Me mutane za su ce? Tafiyar minti arba'in ce fa. Ƙarfe tara za mu fita."

Ƙarfe tara suka fita. Baba a gaba, hularsa a kai, katin asibiti a hannu ya riƙe shi da yatsu biyu. Mota tana tafiya lafiya lau, Na-sani har yana ɗan bugun sitiyari da yatsa.

Sai suka hau doguwar gada.

Suna kaiwa tsakiya, komai ya tsaya. Wata tirela ce ta karye a can gangaren gadar, ta gindaya ta bar 'yar hanya da mota ɗaya ke iya ratsawa da ƙyar. Dama katangar kankare, hagu katangar kankare. Gaba mota, baya mota. Babu kwana, babu juyawa, babu inuwa.

Da a ce an tsaya cak ne, da sai ya kashe inji. Amma layin yana jan jiki, taku biyu a tsaya, taku biyu a tsaya. Kuma ya san halin motarsa, in ya kashe ta da zafi ba lalle ta tashi ba.

Ya saci kallon allurar da ke nuna zafin inji. Ta bar tsakiya, ta fara hawa.

"Baba, bari in ɗan gaisa da wani abokina a motar gaba," ya ce.

"To, a gaishe shi."

Ya lallaɓa ya zaro almakashi, ya buɗe bonet. Ƙwas, ƙwas. Fanka ta tashi. Ya dawo yana murmushi.

Bayan minti goma allura ta sake hawa.

"Baba, ga wani kuma, wanda na yi wa ɗinki."

"Madalla. Kana da jama'a."

Wannan karon sai da ya buga sau shida. A fita ta uku ya ce taya zai duba. A ta huɗu ya fita kawai. Direban motar baya, wani mai ƙaton ciki, ya leƙo ta taga.

"Malam, wai gyara kake ko ɗinki? In ka gama da ita ga wandona ya yage!"

Mutanen motocin kusa suka yi dariya. Na-sani ya haɗiye fushinsa.

Wajen goma da rabi wani mai babur ɗin haya ya ratso ta tsakanin motoci, ba kowa a bayansa. Ya ga dattijo da katin asibiti a hannu, ya tsaya.

"Maigida, in asibiti ne kawo Baba in kai shi. Wannan layin ba yanzu ba."

"Wa ya ce maka muna neman taimako? Surukina a kan babur, ina da mota? Yi gaba."

Mai babur ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Duk baburan da suka biyo bayansa da mutum biyu-biyu a kai, don kowa ya fara tserewa daga motocin haya.

Da allura ta kusa jan layi, sai Na-sani ya tuna wata dabara da ya taɓa ji, cewa in ka kunna hita, wato abin ɗumama mota, tana jan zafin inji zuwa cikin mota. Ya murɗa ta har ƙarshe.

Jama'a, rana tana ƙuna, kwalta tana tururi, gilasan baya a rufe, ga hita tana hura wuta a ƙafafunsu. Gumi ya jiƙa rigar Baba har ta manne. Katin da ke hannunsa ya fara laushi, ya mayar da shi cikin hula. Suruki da suruki, kowa yana jin nauyin kowa, suna dahuwa tare cikin ladabi.

Ya sake fita. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shiru. Ya buga ta sama, ya buga ta gefe, ya buga har ƙotar almakashin ta lanƙwashe. Fanka ko motsi. Wani ƙauri ya fara tashi, ruwa yana tafasa a cikin lagireto, ana jin sa ɓul-ɓul.

Ya naɗe hannunsa da gefen riga, ya kai kan murfin lagireto zai buɗe.

"Kai! Kada ka taɓa murfin nan!"

Muryar Baba ce, da ƙarfin da bai taɓa jin ta da shi ba. Ya tsaya cak.

"In ka buɗe, ruwan zai wanke maka fuska, mu zama makafi biyu a mota ɗaya. Zo ka kashe inji. Yanzu."

Ya zo ya kashe. Ya zauna, ya kasa ɗaga kai.

"Ɗana," in ji Baba, "ido ne ba ni da shi, kunnena lafiya lau. Tun a ƙofar gida na ji kukan fankar nan, na san injinta ya kusa. Na ji duk gaisuwar da ka yi da abokanka. Ƙwas, ƙwas. Ban so in ba ka kunya ba ne, na yi zaton za ka faɗa da kanka."

Na-sani ya ji kamar gadar ta buɗe ya faɗa.

"Ba ka da mai gyara?"

"Akwai, Baba. Amma..."

"Amma me?"

"Bari in gwada wasu tukuna."

Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma lokacin. Ya kira abokinsa mai aski, shi kuma ya ce masa ya zuba ruwan sanyi a kan inji. Ina ruwa a kan gada? Ya kira maƙwabcinsa, wayar a kashe. Ya kira wani ƙanin abokinsa da aka ce ya taɓa zama a gareji, shi kuma ya ce yana wani gari.

Layi ya ɗan motsa, motarsa ba ta motsa ba. Ya murɗa makulli, ta yi ƙugi ta yi shiru. Hon ya kaure ta ko'ina. Mai ƙaton ciki da wasu mutum biyu suka fito suka tura ta jikin katanga, ba don tausayi ba, don su samu su wuce.

Ya zauna yana kallon wayarsa. Sunan yana nan a gabansa: Mai Tsorata Mutane. Ya kai yatsa ya janye. Ya tuna benci, ya tuna dariyar da ya sa aka yi. Ya ce a ransa bari inji ya ɗan huce, wataƙila ta tashi. Ya jira minti goma, ya murɗa. Ba ta tashi ba. Ya sake jira.

Matarsa ta kira, ya ƙi ɗauka. Ta sake kira, ya kife wayar a cinya.

Baba ya laluba hannun ƙofa yana neman iska, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya mayar da hannunsa ya ajiye a gwiwa.

"Ƙarfe nawa, ɗana?"

"Sha ɗaya da minti ashirin da biyar."

Can Baba ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Jikar nan tawa da aka haifa bara, har yau da hannu na san fuskarta."

Na-sani ya danna lambar.

"Salamu alaikum. Malam, ni ne... telan nan. Mai almakashi."

"Na gane muryar. Ta ƙi ko?"

"Ta ƙi."

"Kana ina?"

Iyakar abin da ya tambaya ke nan. Bai ce ai na gaya maka ba.

Sha biyu saura kwata Mai Fanka ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, ya ratso ta tsakanin motoci, jakar kayan aiki a rataye, da wani injin fanka ɗaure a baya. Ya sauka zai nufi bonet, sai ya ga dattijo a cikin mota jiƙe sharkaf.

"Sannu, Baba. Ina za ku haka?"

"Asibitin ido. Sha biyu suke rufe littafi."

Mai Fanka ya dubi agogonsa, ya dubi Na-sani.

"Tun yaushe kuke nan?"

"Tun wajen tara da rabi."

Mai Fanka ya sauke jaka da injin fanka ya ajiye a kan bonet, ya buɗe ƙofar daga waje, ya kama hannun Baba.

"Mota za ta jira, Baba. Taka nan. Ɗaga ƙafa. Yauwa. Riƙe ni da kyau, kada ka ji kunya."

Mutumin da aka yi wa dariya saboda sanyin jiki, ranar ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Amma sai da suka ratsa ta gefen tirelar, suka bi ta cikin wani cunkoson a ƙasan gada. Suka isa sha biyu da minti goma sha biyu.

An rufe littafi. Mai Fanka ya roƙi ma'aikaciyar da ke kan tebur, ya ce laifin hanya ne. Ta dubi Baba da tausayi, ta shiga ciki ta tambaya, ta dawo. Ta ce kayan aikin da likitocin suka zo da su a ƙidaye suke, kuma da sha biyu ta yi an ba wa masu jiran tsammani guraben waɗanda ba su zo ba. Ta sabunta masa kati, ta rubuta wata bakwai.

Mai Fanka ya kai Baba har gida, sannan ya koma kan gada. Ya tarar da Na-sani zaune a gefen katanga, rana ta gasa shi. Na-sani ya ɗago da ido yana tambaya. Mai Fanka ya girgiza kai.

Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya cire soket ɗin wuta, ya zaro tsohon injin fankar, ya ɗaura wanda ya zo da shi. Ya jira inji ya huce sosai, ya ƙara ruwa. Aikin duka bai kai awa ɗaya ba. Mota ta tashi, fanka tana juyawa shiru abinta.

A gida matarsa ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari Baba ya ce a kai shi rumfar Mai Fanka ya yi masa godiya. Na-sani ya kai shi. Mutanen benci suna nan, amma yau ba wanda ya yi dariya.

Bayan an gaisa, Baba ya ce, "Malam, tsohon injin yana nan? Buɗe min shi. Ina so in san abin da ya ci."

Mai Fanka ya buɗe bayan injin a kan tebur. Ya zaro wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu baƙaƙe kamar gawayi.

"Ga su, Baba. Burushi muke ce musu, su ke kai wuta cikin inji. Sababbi sun kai tsawon gaɓar yatsa. Waɗannan sun cinye, sun daina taɓawa. Bugun da yake yi shi ke ɗan matso da su. Da aka yi ta bugu, har maganaɗisun ciki ya tsage. Da an kawo da wuri, su kaɗai za a canza."

"Sa min a hannu."

Ya sa masa. Baba ya murza su a tafin hannunsa da babban yatsa. Kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ya daɗe yana murzawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe wannan ɗan abin ne wata bakwai."

Na-sani ya durƙusa a gaban mutane, a kan ƙasa mai baƙin mai. "Baba, ka yafe min. Malam, kai ma ka yafe min."

"Ni ban riƙe ka ba," in ji Mai Fanka.

Baba ya miƙa hannu yana laluben iska har ya samu kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana, kada ka ɓata wandonka. Na yafe. Kama hannuna mu tafi, ka riƙa gaya min inda rami yake."

Haka aka yi. Wata bakwai cur, duk inda Baba za shi, tela ne ke rufe shago ya riƙe masa hannu. Kuma ko sau ɗaya dattijon bai sake tada maganar gadar ba.

Darasi: Abin da ya lalace, a kai wa wanda ya iya tun yana ƙarami, kuma kada ka wulaƙanta mai gaya maka gaskiya don kawai dabararka ta ci yau. In ka shiga matsi, ka nemi taimako da wuri, domin girman kai ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba, sau da yawa wanda ke zaune a gefenka ne yake ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san akwai abin da yake ta ƙwanƙwasawa maimakon ya gyara.